Mantuwar da Kumburin Ƙwaƙwalwa Ke Haddasawa

Gabatarwa

Mantuwa ɗabi'ar ɗan Adam ce. Babu wanda bai taɓa ajiye makulli ya rasa inda ya sa shi ba, kuma ɗalibai sun san yadda amsar da aka haddace da dare takan ɓace da safe a ɗakin jarrabawa. Irin wannan mantuwa ba cuta ba ce. Amma akwai wata iri wadda ta sha bamban da ita. Mutum ne lafiyayye, a ce magidanci ɗan shekara 60, sai cikin 'yan makonni iyalinsa su lura yana maimaita tambaya guda sau goma a zama ɗaya. Ya ci abinci, jim kaɗan ya ce ba a kawo masa ba. Baƙo ya zo sun gaisa, ya fita ya dawo, sai ya sāke yi masa maraba kamar yanzu ya gan shi. Duk da haka ya san sunansa da na 'ya'yansa, bai manta karatun salla ba, yana kuma iya hawa kekensa.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke haddasa haka shi ne kumburin ƙwaƙwalwa wanda garkuwar jikin mutum da kanta take jawowa. A wannan maƙala za mu duba sashen ƙwaƙwalwar da cutar take taɓawa, da dalilin da ya sa garkuwar jiki takan auka masa, da abin da mai cutar yake rasawa, sa'an nan da yadda ake magance ta. Sanin wannan yana da muhimmanci, domin tana daga cikin cututtukan mantuwa 'yan ƙalilan da magani yake yi wa tasiri sosai in an gano su da wuri.

Ire-iren tunawa

Masana sun gano cewa abin da muke kira tunawa aiki ne kashi-kashi, kowane kashi da sashen ƙwaƙwalwar da ya fi dogara a kansa. Na farko shi ne riƙo na ɗan lokaci, kamar a karanta maka lambar waya ka riƙe ta a ka har ka rubuta. Wannan ba ya wuce daƙiƙoƙi, kuma abin da yake iya ɗauka bai cika wuce guda bakwai ba, shi ya sa muke karkasa lambar waya mai alƙaluma 11 gida uku kafin mu faɗe ta. Na biyu shi ne tunawa da aukuwa, wato abin da ya faru da kai a wani wuri a wani lokaci, kamar ranar da ka fara shiga makarantar sakandare. Na uku shi ne sani, kamar sanin cewa Abuja ce babban birnin Nijeriya, ko da ka manta ranar da aka koya maka. Na huɗu kuwa shi ne ƙwarewar hannu da jiki, irin su tuƙin keke, da saƙa, da rubutu.

Cutar da muke magana a kai ta fi yi wa kashi na biyu ɓarna, ta kuma hana sabon sani shiga. Riƙo na ɗan lokaci da ƙwarewar hannu sau da yawa sukan tsira. Dalili kuwa shi ne inda cutar take sauka.

Hifokamfus da aikinsa

Ƙwaƙwalwar baligi tana da nauyin kimanin kilo ɗaya da rabi, kuma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Can cikin sashen da ke daura da kunne, dama da hagu, akwai wata 'yar tsoka mai lanƙwasa wadda tsawonta bai wuce na ƙaramin yatsa ba. A shekarar 1587 wani masanin ƙirar jiki ɗan ƙasar Italiya, Giulio Cesare Aranzi, ya raɗa mata suna hifokamfus, domin ya ga ta yi kama da wani ɗan kifin teku mai kai irin na doki wanda ake kira da wannan suna. Kowane mutum yana da guda biyu. Su da wasu sassa da ke maƙwabtaka da su ana kiran su tsarin limbik, daga kalmar Latin mai ma'anar gefe ko baki.

Don a fahimci aikinsa, sai mu ɗauki misalin bikin suna da ka halarta bara. Ƙamshin naman rago, da muryar maroƙi, da fuskokin 'yan'uwa, da zauren da aka zauna, kowanne wani ɓangare dabam na ɓawon ƙwaƙwalwa ne ya karɓe shi. Hifokamfus shi ne yake ɗaure su wuri guda su zama aukuwa ɗaya, kamar yadda maɗauri yake tara tsinkayen tsintsiya. In maɗauri ya tsinke, tsinkaye suna nan, amma babu tsintsiya. A cikinsa akwai ƙananan yankuna da aka yi wa laƙabi CA1, da CA2, da CA3, da sauransu. Ƙwayoyin yankin CA3 suna da yawan mahaɗai a tsakanin junansu, wannan ne ya sa ake ganin su ne ke ba mu ikon dawo da aukuwa gaba ɗaya daga ɗan ɓarɓashinta. Ka ji ƙamshin wani turare, sai ɗakin kakarka ya faɗo maka a rai da duk abin da ke cikinsa.

Har wa yau, hifokamfus yana da hannu wajen sanin hanya. A 1971 John O'Keefe na Jami'ar Landan ya gano a cikin ƙwaƙwalwar ɓera wasu ƙwayoyi waɗanda ba sa motsawa sai ɓeran ya isa wani wuri takamaimai, aikin da ya sa ya samu rabo a kyautar Nobel ta 2014. A shekarar 2000 kuma Eleanor Maguire ta nuna cewa ɓangaren baya na hifokamfus ya fi girma a direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi.

Darasin da aka koya daga H.M.

Mafi yawan abin da aka fara sani game da wannan tsoka daga mutum ɗaya aka koye shi. Henry Molaison Ba'amurke ne da aka haifa a 1926, wanda farfaɗiya ta hana shi sakat. A 1953, yana da shekara 27, wani likitan fiɗa mai suna William Scoville ya cire masa yawancin hifokamfus ɗinsa na dama da na hagu tare da naman da ke kewaye, a birnin Hartford. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga wannan rana Molaison bai ƙara iya ajiye sabuwar aukuwa ba har ya rasu a 2008. Don a sirranta shi, da baƙaƙen H.M. kawai aka san shi a littattafan kimiyya tsawon rayuwarsa.

Brenda Milner, masaniyar halayyar ɗan Adam da ta zo daga Kanada ta nazarce shi, ta lura da abubuwa biyu. Ta ba shi lamba 584, ya riƙe ta har minti 15 ta hanyar nanata ta a zuci, amma da aka ɗauke masa hankali kaɗan sai ya manta lambar, ya ma manta an ba shi wata lamba. Sa'an nan ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kawai. Cikin kwana uku hannunsa ya faɗa sosai, alhali kowace safiya sai ya ce bai taɓa ganin wannan aiki ba. Rahoton Scoville da Milner na 1957 ya tabbatar wa duniya cewa in aka rasa hifokamfus biyu, hankali da magana da tsohuwar ƙwarewa suna nan, amma ƙofar sabuwar aukuwa ta rufe. Abin da wuƙar fiɗa ta yi wa H.M., shi ne kumburi yake iya yi wa wani, ko da ba da irin wannan tsananin ba.

Yadda garkuwar jiki takan yi kuskure

Garkuwar jiki ita ce rundunar da ke kare mu daga ƙwayoyin cuta. Daga cikin mayaƙanta akwai fararen ƙwayoyin jini iri biyu da suka shafi zancenmu. Ƙwayoyin T suna iya kashe duk ƙwayar jikin da cuta ta shiga. Ƙwayoyin B kuwa su ke ƙera wani furotin da ake kira antibodi, wanda kowane iri nasa yake manne wa abu ɗaya tak, kamar makulli da kwaɗonsa. Tun suna ƙanana ake horar da waɗannan ƙwayoyi su bambanta ɗan gida da baƙo, wadda duk ta nuna alamar za ta taɓa ɗan gida akan kawar da ita. Wani lokaci wannan tacewa takan kasa, sai jiki ya shiga yaƙar kansa. Ciwon sukari irin na yara ta haka yake samuwa, haka nan ciwon zuciyar da kan biyo bayan ciwon maƙogwaro ga wasu yara.

Ƙwaƙwalwa tana da shinge tsakaninta da jini, wanda yake hana yawancin antibodi ƙetarawa. Amma shingen ba ya hana komai da komai, kuma ƙwayoyin B da suka samu shiga sukan zauna a ciki su ci gaba da ƙera antibodi. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Akwai abubuwan da aka tabbatar suna tayar da wannan fitina. Na farko shi ne ƙari ko ciwon daji. Wani nau'in ciwon daji na huhu, wanda ya fi kama mashaya taba, yana ɗauke da furotin irin na jijiya, saboda haka garkuwar da ta tashi yaƙar sa sai ta haɗa da ƙwaƙwalwa. Haka nan wani ƙari da kan fito a ma'ajiyar ƙwan mace, wanda akan samu gashi da haƙori da naman jijiya a cikinsa. Na biyu shi ne bairos. Wani nazari da aka yi a ƙasar Sifen aka buga a 2018 ya nuna cewa kashi 27 cikin 100 na waɗanda bairos ɗin hafis ya kumbura musu ƙwaƙwalwa, daga baya garkuwar jikinsu ta sāke kumbura ta. Na uku shi ne gado, domin a wani nau'i na cutar kusan tara cikin goma na masu ita suna ɗauke da wata ƙwayar halitta guda ta garkuwar jiki. Sai dai miliyoyin mutane suna da wannan ƙwayar halitta lafiya lau, don haka ita kaɗai ba ta isa ta kawo cutar ba.

Tarihin gano cutar

A 1960 wasu likitoci a Ingila, cikinsu har da Brierley da Corsellis, suka bayyana marasa lafiya uku da aka samu kumburi a tsarin limbik ɗinsu bayan sun rasu. A 1968 Corsellis da abokan aikinsa suka raɗa wa cutar suna kumburin limbik, suka kuma danganta ta da ciwon daji. Daga nan har fiye da shekara 30 likitoci suna ɗaukar ta a matsayin cuta mai wuyar samu wadda ba ta da magani.

Al'amura sun canja a farkon wannan ƙarni. A 2001 da 2004 ƙungiyar Angela Vincent ta Jami'ar Oksfod ta kawo rahoton masu kumburin limbik waɗanda yawancinsu ba su da ciwon daji, suna da wani antibodi a jini, kuma sun samu sauƙi da aka danne garkuwar jikinsu. A 2010 aka gano cewa furotin da wannan antibodi ya fi kai wa hari shi ne wanda ake kira LGI1. A 2007 kuma Josep Dalmau, likita ɗan Sifen da ke aiki a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a lokacin, ya bayyana mata 12 masu ƙari waɗanda antibodi ya auka wa makarɓar NMDA a ƙwaƙwalwarsu. Wannan nau'i ne ya kama 'yar jaridar nan ta New York, Susannah Cahalan, a 2009, aka fara ɗaukar ta mai taɓin hankali kafin a gano gaskiya, ta warke ta rubuta littafi a kai a 2012. Ko dabbobi ba su tsira ba. Wani farin beyar mai suna Knut da ke gidan namun daji na Balin ya yi farfaɗiya ya faɗa ruwa ya mutu a 2011, sai a 2015 bincike ya nuna wannan cuta ce ta kama shi.

Yadda ɓarnar take aukuwa

Ƙwayoyin jijiya ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace biyu akwai ɗan rata da ake kira mahaɗa. Ƙwayar farko takan saki wani sinadari, a hifokamfus galibi gulutamet, ya ƙetare ratar ya sauka a kan makarɓai da ke jikin ta biyu. Koyo yana samuwa ne ta hanyar ƙarfafuwar waɗannan mahaɗai. A 1973 Bliss da Lømo suka nuna a hifokamfus ɗin zomo cewa mahaɗar da aka yawaita aiki da ita takan ƙara ƙarfi na tsawon sa'o'i, daga baya aka gano cewa makarɓar NMDA ce mabuɗin wannan ƙarfafuwa a yawancin mahaɗan.

To, antibodi na NMDA yakan manne wa waɗannan makarɓai ya haɗa su biyu-biyu, sai ƙwayar ta janye su ciki, mahaɗa ta zama kamar kasuwar da aka rufe rumfunanta. Ƙwayar ba ta mutu ba, saboda haka in an kawar da antibodi makarɓai sukan dawo. An gwada haka a Basalona a 2015: aka yi kwana 14 ana ɗura wa ɓeraye ruwan lakar marasa lafiya a ƙwaƙwalwa, ɓerayen suka fara mantuwa, da aka daina kuma sai suka farfaɗo.

Shi kuwa LGI1 furotin ne da ke zaune a cikin ratar yana riƙe da gaɓar nan da waccan, yana kuma daidaita ƙofofin fotashiyam waɗanda ke hana ƙwaya yawan zabura. Yana da yawa ƙwarai a hifokamfus, musamman wajen CA3. In antibodi ya raba shi da mazauninsa, ƙwayoyi sukan dinga harbawa ba ƙaƙƙautawa, farfaɗiya ta biyo baya, saƙon koyo kuma ya raunana. In abin ya daɗe, ƙwayoyi sukan mutu. Nau'in da ya fi muni shi ne mai tafiya da ciwon daji na huhu, domin a nan ƙwayoyin T ne suke kashe ƙwayoyin jijiya kai tsaye, wadda ta mutu kuwa ba ta dawowa.

A hoton MRI, a farkon cutar akan ga hifokamfus ya kumbura ya yi haske. Bayan watanni sai a ga ya motse. Wani nazari na asibitin Charité da ke Balin a 2017, a kan masu LGI1 su 30, ya nuna cewa waɗanda aka yi jinkirin yi wa magani su suka fi fama da mantuwa daga baya.

Alamomin cutar

Babbar alama ita ce saurin zuwanta. Ƙa'idar da likitoci suka amince da ita a 2016 ta ce alamomin sukan bayyana cikin ƙasa da wata uku. Wannan ya bambanta ta da mantuwar tsufa irin ta Alzheimer, wadda takan ɗauki shekaru tana rarrafe. Tare da mantuwa akan ga ruɗewa, da sauyin hali, da fargaba ko saurin fushi, da rikicewar barci, da farfaɗiya.

Nau'in LGI1 ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, kuma kusan biyu cikin uku maza ne. Wani ƙiyasi daga ƙasar Holan ya nuna yana kama kusan mutum ɗaya cikin miliyan a shekara. Yana da wata alama tasa ta musamman wadda aka bayyana a 2011: gefen fuska da hannun wannan gefen su fizge tare na daƙiƙa ɗaya zuwa uku, har mutum ya saki kofin da ke hannunsa, kuma hakan na iya faruwa sau 100 a yini. Sau da yawa wannan fizga takan riga mantuwa zuwa da makonni. Fiye da rabin masu cutar kuma gishirin sodiyam yakan yi ƙasa a jininsu. Nau'in NMDA kuwa ya fi kama yara da matasa, kusan huɗu cikin biyar mata ne. Yakan fara da alamomi irin na taɓin hankali, kamar sambatu da gane-gane, sa'an nan motsin baki da gaɓoɓi ba da niyya ba, da ɗaukewar magana, wani lokaci har da matsalar numfashi.

Abin da mai cutar yake rasawa

Bayan kumburi ya lafa, da yawa sukan koma harkokinsu, amma wasu sukan zauna da giɓi. Ajiye sabuwar aukuwa yakan yi musu wuya, kuma watannin da suka yi suna jinya sukan ɓace ɗungurum. An daɗe ana zaton tsofaffin aukuwa ba ruwansu da hifokamfus. Amma wani bincike da aka yi a Ingila aka buga a 2020, a kan masu LGI1 da yankinsu na CA3 ya motse, ya nuna cewa asarar takan koma baya har kimanin shekara 50. Mutum ya san ya yi aure, ya san shekarar, ya san matarsa, amma ranar ɗaurin auren ba ta zuwa masa a ido. Abin ya zama kamar labarin da aka ba shi.

Wani abin mamaki shi ne asarar ta shafi gobe ma. A 2007 Demis Hassabis da Eleanor Maguire suka nemi mutum biyar masu lalataccen hifokamfus su ƙaga wani yanayi da bai taɓa faruwa ba, kamar a ce suna kwance a bakin teku. Huɗu daga cikinsu ba su iya kawo komai ba sai gutsattsari marasa haɗi. Wannan ya nuna cewa maɗaurin da ke tara jiya, shi ne kuma muke amfani da shi wajen hasashen gobe.

Bincike da magani

Likita yakan haɗa hujjoji daga wurare da dama: labarin da iyali suka bayar, da hoton MRI, da awon wutar ƙwaƙwalwa da na'urar EEG, da ruwan laka da ake ɗiba ta ƙashin baya, da neman antibodi a jini da cikin ruwan lakar. Akan kuma binciki ƙirji da ciki ko akwai ƙari. Da yake bairos ɗin hafis ma wannan sashe yake kamawa, kuma yana kisa da sauri, akan fara ba da maganin asaikulobiya har sai an tabbatar ba shi ba ne.

Maganin cutar shi ne kwantar da garkuwar jiki. Akan ba da sitiroyid mai ƙarfi ta jijiya na kwana 3 zuwa 5, ko a ƙara wa mara lafiya antibodi da aka tattara daga jinin lafiyayyu, ko a tace ruwan jininsa da na'ura. In waɗannan ba su wadatar ba sai a koma ga magunguna irin su ritukzimab, mai rage ƙwayoyin B. In akwai ƙari, cire shi wajibi ne.

Alƙaluma sun nuna amfanin haka. A wani nazari na 2013 da ya ƙunshi masu nau'in NMDA su 577, kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka bi diddiginsu sun samu kyakkyawan sauƙi cikin shekara biyu. A wani na 2018 kan mutum 103 masu fizgar fuska da hannu, maganin farfaɗiya shi kaɗai kashi 10 cikin 100 kawai ya tsayar wa fizgar, amma da aka ƙara maganin garkuwa sai ta tsaya wa kashi 51 cikin kwana 30. Waɗanda fizgarsu ta tsaya da wuri kuwa, kusan dukkansu mantuwar ba ta same su ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga wanda ya tashi da giɓi, akwai dabarun da ke taimakawa: littafin rubuta abubuwan yini, da ƙararrawar waya don lokacin shan magani, da ajiye kowane kaya a wuri ɗaya kullum. Da yake ƙwarewar jiki ba ta lalace ba, abin da aka maimaita masa yau da gobe yakan zauna. Iyali kuma su sani cewa maimaita tambaya ba raini ba ne, kuma tsawa ba ta dawo da abin da bai shiga ba.

Abin lura a ƙasarmu

A wurinmu, in mutum ya ruɗe farat ɗaya ko ya fara farfaɗiya, abin da likita zai fara zato shi ne zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau, ko tarin fuka da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko cuta mai karya garkuwar jiki, domin su suka fi yawa. Amma in an bincika ba a same su ba, ya kamata a tuna da wannan. A wata gunduma ta jihar Minnesota a Amurka, binciken 2018 ya samu mutum 13.7 cikin dubu 100 masu kumburin ƙwaƙwalwa na garkuwar jiki, adadin da ya yi kusan daidai da na masu kumburin da ƙwayoyin cuta suka jawo.

Sanin kowa ne cewa budurwar da ta fara sambatu da gane-gane, ko dattijon da fuskarsa ke fizga, sau da yawa akan ce iska ce ko sammu, a yi makonni ana neman taimako a gida. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Duk mantuwa ko sauyin halin da ya zo cikin kwanaki ko makonni, musamman in akwai farfaɗiya, a gaggauta kai mai shi babban asibitin da ke da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Malaman makarantun kwana su ma su lura, domin nau'in NMDA 'yan shekarun ɗalibansu yake kamawa. Ranar 22 ga Fabrairu ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai game da kumburin ƙwaƙwalwa a duniya, ƙungiyoyin kimiyya na makarantu suna iya amfani da ita.

Gwaji don aji

Malami yana iya maimaita gwajin Milner da kayan da ba su da tsada. A zana tauraro mai tsini biyar da layi biyu, ɗaya cikin ɗaya, da ratar rabin santimita a tsakaninsu. A kafa madubi a gaban takardar, a kare hannun ɗalibi da kwali yadda ba zai gan shi ba sai ta madubi. Ya bi tsakanin layukan da fensir, a ƙirga sau nawa ya taɓa layi. A yi sau biyar kullum har kwana uku, a zana sakamakon a jadawali. Za a ga kurakurai suna raguwa. Sa'an nan a tambayi ɗalibin ya kwatanta ranar farko: wa ke kusa da shi, me aka ce, wa ya yi dariya. Raguwar kurakurai aikin wasu sassa ne na ƙwaƙwalwa, labarin ranar farko kuwa aikin hifokamfus ne. H.M. yana da na farko, ba shi da na biyu.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa hifokamfus shi ne ke ɗaure sassan aukuwa su zama abin tunawa, kuma garkuwar jiki tana iya auka masa ta hanyar antibodi ko ƙwayoyin T, wani lokaci saboda ƙari ko bairos. Mun kuma ga cewa a farkon cutar mahaɗai ne kawai suke rikicewa, abin da magani yake iya gyarawa, amma in aka yi jinkiri ƙwayoyi sukan mutu, tsokar ta motse. Cutar da a 1968 ba a tabbatar da ita sai bayan mutuwa, yau ana gano ta da awon jini da ruwan laka, mai ita ya warke ya koma gona ko ofis. Muna fata cikin ɗaliban da ke karanta wannan mujalla za a samu likitoci da masu bincike da za su sa wannan awo ya zama mai sauƙin samu a asibitocinmu. Allah ya ƙara mana lafiya da ilimi mai amfani.